Wa Zai Biya Bashin Jiya?

Jajayen ƙwayoyin jinin da ke yawo a jijiyoyina yau, babu wadda za ta wuce kimanin kwana 120 a raye. Shimfiɗar cikin hanjina takan sabunta cikin ƙasa da mako guda. Ƙashi ma, duk taurinsa, yakan sake kansa sannu a hankali cikin kimanin shekara goma.

A shekarar 2005 Jonas Frisén da abokan aikinsa na Cibiyar Karolinska a ƙasar Suwidin suka fito da hanyar gane shekarun ƙwayoyin jiki. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da aka yi a sarari har zuwa 1963 sun ƙara yawan sinadarin kabon-14 a iska. Daga iska ya shiga tsirrai, daga tsirrai ya shiga abinci, ya zauna cikin kowace sabuwar ƙwaya tamkar hatimin ranar haihuwarta. Da aka karanta hatimin, sai aka tarar mafi yawan jikin dattijo bai kai dattijon shekaru ba.

A nan tambaya ta taso mini. Wanda ya ci bashi shekara goma da suka wuce, fatar hannun da ya karɓi kuɗin ta daɗe da zubewa. Shin yana da damar cewa, “Ba ni ba ne”? Babu alƙali ko ɗan kasuwar da zai saurare shi. To, mene ne ya wanzu har ake bin sa?

Wani zai ce ƙwaƙwalwa, domin binciken ya nuna ƙwayoyin ɓawonta sa'o'in mai ita ne, tare suke tsufa. Amsar ba ta gamsar da ni ba. Tsohon da ya manta sunayen 'ya'yansa bai daina zama ubansu ba, haka mantuwa ba ta taɓa sauke bashi daga wuyan kowa ba.

A ganina, abin da ke ɗinke jiyan mutum da gobensa shi ne nauyin da ya yarda ya ɗauka, wanda jama'a suka shaida. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Ƙwayoyin jiki 'yan dako ne masu karɓa-karɓa: wasu su sauke, wasu su ɗauka, kayan kuwa dole ya isa inda aka ce. Ranar da na ce “zan yi”, na ɗora wa jikin da ban mallaka ba tukuna aiki, kuma mutuncina ya rataya a kan cikawarsa.

Sai dai wannan hujja tana da ɗaya gefen. Muna cewa hali zanen dutse, mu rufe wa mai laifi ƙofa har abada, alhali ƙashin jikinsa ma ana rushe shi ana sake gini. Adalci shi ne mu bi mutum bashin jiya har ya biya. Idan ya biya kuwa, mu daina kiran sa da sunan laifinsa.