Jadawalin Uwa: Bawa Ne ko Ubangida?

Ranar 18 ga Maris 2020 aka rufe makarantu a duk faɗin Kamaru saboda annobar korona. 'Yan ajin jarrabawa sun koma ranar 1 ga Yuni, sauran yara kuwa sai Oktoba. Nawa uku suna cikin sauran. Haka na wayi gari a Garwa, cikin zafin bazarar da kan haura digiri 40, na zama malamar 'ya'yana ba tare da kowa ya tambaye ni ko na iya ba. Gidan CRTV ya sa darussa a talabijin da rediyo, amma yawancinsu na masu jarrabawa ne, ga shi kuma wuta ba kullum take zama ba.

Ni mai gabatar da shiri ce a rediyo, kuma ba na shiga ɗakin watsa shiri sai da takardar tsari a hannu: gaisuwa minti ɗaya, hira minti goma sha biyu, kiran masu sauraro minti takwas. Abin da na iya ke nan, shi na ɗauko na kawo gida. Na rubuta jadawali na manna a ƙofar kicin. Ƙarfe bakwai karatun Faransanci, takwas lissafi, tara hadda, goma rubutu. Gaban kowane layi akwai gurbin da zan sa maki idan an gama. Tun daga lokacin nake juya tambaya ɗaya a raina: uwar da ta cika duk guraben takardarta, ta sauke nauyin 'ya'yanta ke nan?

Bari in fara da yi wa takardar adalci. Akwai masu cewa rubuta tsarin yini ɗabi'ar Nasara ce, mu dai mutum na nasa Allah na nasa. Ban yarda da su ba. Wanda ya ce in sha Allahu, ai ya riga ya ƙulla niyya, yana neman a cika masa ne. Kuma na ga amfaninta da idona. Gidan da babu tsari, yaron da ya fi surutu shi ke kwashe lokacin uwa, mai shiru-shiru ya tashi a tutar babu. Da na rubuta sunan autana a layinsa, sai ya samu rabin awarsa kullum, ko ya yi kuka ko bai yi ba. Takardar ta kuma nuna wa maigidana abin da bai taɓa ƙirgawa ba. Wata rana ya tsaya yana karanta ta, da girki da wanki da tarar ruwa a tsakanin darussa, ya ce, “Ashe duk wannan a wuni ɗaya ne?” Daga ranar ya karɓi lissafin babbar. Aikin da ba a rubuta ba, sau da yawa ba a ganinsa, balle a raba shi.

To amma ga inda ta yaudare ni. Mako uku ina sa wa ɗana na tsakiya maki a layin karatu. Yana da shekara bakwai. Zai buɗe littafi ya bi layi da yatsa, ya faɗi abin da ke ciki. Wata safiya yayarsa ta tafi gidan kakarsu, sai na buɗe masa shafin da ba mu taɓa zuwa ba. Ya yi shiru. Na nuna kalma mai harafi huɗu, ya dube ni, hawaye suka zubo. Ashe duk tsawon lokacin haddace abin da ya ji daga bakin yayarsa yake yi, inda ya kakare kuwa ni ce nake ƙarasa masa.

Laifin nawa ne, kuma na san asalinsa. A rediyo shiru na daƙiƙa biyar aibu ne, mai sauraro zai ɗauka tasha ta ɗauke. An horar da ni in cike kowane shiru. Sai ga shi shirun yaro a gaban harafi shi ne lokacin da yake tunani, ni kuma ina ƙwace masa shi saboda ƙarfe takwas ta kusa, lissafi na jira. Takardata ba ta yi ƙarya ba, an zauna karatu kullum. Abin da aka yi kawai take iya ƙirgawa. Abin da ya shiga kan yaro, da tsoron da ya hana shi cewa “Mama, ban gane ba”, waɗannan ba su da gurbi a jikinta.

Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, jadawalin ya rushe da kansa. A nan na lura cewa gidanmu yana da wani tsari da ya girme shi, wanda bai taɓa rushewa ba: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, lisha. Salla tana da tsari mai ƙarfi, duk da haka malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa kowace tana da lokacin mukhtari, akwai kuma na daruri ga mai uzuri. Wato an sa iyaka, an kuma bar wa ɗan Adam wurin numfashi a cikinta. Nawa jadawalin ba shi da daruri ko na minti ɗaya. Na fi tsananta wa yaro ɗan shekara bakwai a kan abin da ni na ƙirƙira.

Makarantar allo ma haka take. Tana da safiya da yamma, tana da hutun Alhamis da Juma'a, amma ba a cewa yaro ya wanke allonsa don rana ta cika. Sai ya biya, malam ya gamsu, sannan a ƙara masa. Zama ne ke da lokaci, ci gaba kuwa yana bin yaron.

Kuma koyarwar mata a cikin gida ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A da Garwa tana cikin ƙasar Adamawa, wadda Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), ta tsara 'Yan Taru: tana naɗa jaji, ta ɗora mata malafa, jajin ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su isar wa waɗanda hidimar gida ta riƙe. Ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci don kowa ya samu ta harshen da yake ji. Tsari ne sosai, amma an ɗinka shi daidai jikin rayuwar matan.

Ban yaga takardata ba, na sake rubuta ta ne. Na cire awoyi na sa lokuta: bayan kari, kafin rana ta take, bayan la'asar. Na rage abubuwan kowane yini zuwa uku. Na bar layi ɗaya babu komai, na wanda ya fi bukatata a ranar. Maki kuma na daina sa shi don an zauna, sai yaro ya nuna mini da kansa. Na koyi haɗiye kalma ina ƙirga goma a zuci kafin in taimaka. Hakan ya fi mini wuya fiye da kowane shiri da na taɓa gabatarwa. Kafin a koma makaranta, yaron yana tsayar da ni a hanyar kasuwa don ya karanta allunan shaguna, harafi bayan harafi. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Wata za ta ce, wannan ai ƙofar lalaci ce, idan aka sassauta yau, gobe babu karatu. Tsoron yana da tushe, don na san ranakun da na kira kasala da sunan sassauci. Ma'aunin da na samu shi ne in tambayi kaina, don wa na sauya tsarin yau? Idan don yaron ne, rahama ce. Idan don waya ta riƙe ni ne, in kira abin da sunansa, in gyara gobe. Wannan hisabin babu takardar da za ta yi wa uwa shi.

Saboda haka, 'yar'uwa, rubuta jadawalinki, musamman idan rashin lafiya ko rashin tsaro ko rashin kuɗi ya mayar da ɗakinki aji, kamar yadda ya faru da iyaye da dama a yankin Arewa Mai Nisa tun da rikicin Boko Haram ya rufe makarantun bakin iyaka. Zai tsare miki haƙƙin kowane yaro, ya sauke miki nauyin tuna komai. Sai dai idan dare ya yi, kafin ki duba guraben da kika cika, fara duba fuskar yaron. Amanar da aka ba ki shi ne, kuma a kansa za a tambaye ki.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin jiran su.