Babban Kifin da Ke Fitowa Shan Iska

Karatu: Markus 1:32-39

In Allah ya kai ka garin Mayumba a kudancin ƙasar Gabon tsakanin watan Yuli da Satumba, lokacin da mu nan arewa muke tsakiyar damina, je bakin teku ka zauna a kan rairayi ka zuba wa ruwa ido. Za ka iya yin awa guda ba ka ga kome ba sai raƙuman ruwa. Can sai ka hangi wani abu kamar hayaƙi ya tashi daga cikin teku, tsawonsa ya fi mutum a tsaye. Sai baƙin gadon baya ya bayyana, sai wutsiya mai faɗi ta ɗaga sama ta nutse. To, ka ga babban kifin nan da masu jin Faransanci suke kira balen.

Irin wanda ke zuwa Gabon tsawonsa yakan kai mita 15, nauyinsa kuwa tan 30, wato kamar buhun siminti 600. Daga ruwan sanyi na Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu, suke tasowa su yi tafiyar dubban kilomita domin su haihu a ruwa mai ɗumi. Littafin Farawa ya gaya mana a rana ta biyar Allah ya halicci manyan dabbobin teku, ya kuma ga yana da kyau.

Amma hayaƙin nan nake so ka lura da shi. Numfashinsa ne. Muna ce masa kifi ne kawai don ba mu da wani suna, amma huhu gare shi kamar ni da kai, hancinsa kuma a bisa kansa yake. Haihuwa yake yi yana shayarwa, kamar ayu da masuntan Binuwai suka sani. A ruwa aka haife shi, a ruwa yake ci, a ruwa zai mutu, duk da haka ba ya iya shaƙar ruwan nan ko sau ɗaya. Yakan yi minti 10 ko 15 a ƙasa, wani lokaci fiye, sa'an nan dole ya hau sama.

Ɗan'uwa, haka kake. A cikin duniya Ubangiji ya ajiye ka, a kasuwa, a gona, a tashar mota, a ofis. Yesu da kansa, a Yohanna 17, bai roƙi Uba ya ɗauke almajiransa daga duniya ba. Wurin zamanka ke nan, kada ka ji kunyarsa. Sai dai ranka ba ya rayuwa da abin da ke cikinta.

Dubi karatunmu. Da yamma dukan garin Kafarnahum ya taru a ƙofar gida, marasa lafiya da masu aljanu. Yesu ya yi ta aiki har dare. Da asuba tun da sauran duhu ya tashi ya tafi inda ba kowa, ya yi addu'a. Su Bitrus suka bi sawunsa suna cewa kowa na nemansa. Ɗan Allah ke nan, mutane kuma da bukatarsu ta gaske suna jiransa, amma bai fasa fita ba. Kai wane ne da za ka ce aiki ya yi maka yawa?

Ban faɗi wannan daga kan tudu ba. Shekarar da muke ginin majami'armu na yi wajen wata biyu ban durƙusa ni kaɗai ba. Ina addu'a a gaban jama'a, ina addu'a a kan abinci, ina lissafin kwano da katako har tsakar dare. Matata ce ta fara ganewa, domin ƙaramin abu sai in hau yara da faɗa. Ta ce, "Baban yara, yaushe rabonka da ɗakin can?" Ban sami amsa ba.

Abin tausayi game da balen shi ne, yakan mutu ta wurin nutsewa. Igiya ko tarun masunta yakan naɗe masa wutsiya ko fiffike. Wani yakan yi watanni yana jan igiyar, tana cin namansa, ƙarfinsa yana raguwa. Wani kuwa takan riƙe shi a ƙasa, iska tana nan kusa a bisa kansa, amma ya kasa kai gare ta. Mecece taka igiyar? Bashi ne? Shagon da ba ka iya rufewa ran Lahadi? Fushin da ka riƙe wa ɗan'uwanka tun rabon gado? Ko wayar da kake dubawa tun kafin ka sauko daga gado?

Ba kullum ne dabbar da igiya ta naɗe take iya kwance kanta ba. Akwai mutanen da suka koyi wannan aiki, sukan shiga ƙaramin jirgi su matsa kusa, su yanke igiyar da wuƙa mai dogon mariƙi, aiki ne kuma mai hatsari. In kai ne a ɗaure, je wurin dattijon ikilisiya ko fastonka a wannan mako ka faɗi sunan abin. In kuwa numfashinka lafiya yake, tuna da bencin da kake zama. Akwai wanda ya saba zama kusa da kai, yau Lahadi huɗu ba a gan shi ba. Ka san gidansa.