GAFARA DA SULHU: DARASI DAGA WANI TSOHON FIM

'Yan'uwa cikin Kristi, waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna fim ɗin Indiya mai suna Dosti, wato abota, wanda ya fito a 1964. Labarin yara biyu ne a titunan Bombay: Ramu gurgu mai busa, da Mohan makaho mai waƙa. Tare suke neman abinci, har wani malami ya ɗauki Ramu gidansa domin karatu, Ramu kuwa ya juya wa abokinsa baya. Da malamin ya rasu, kuɗin jarrabawa ya gagara, sai Mohan ya fita waƙa da ciwo a jikinsa, ya tara kuɗin, ya biya a ɓoye. Sa'ad da Ramu ya gane, ya ruga asibiti yana neman gafara, ya tarar an riga an yafe masa.

A majigi wannan abu ne mai sauƙi. A ƙasar Gobir fa? Mun san abin da Gatawa, Sabon Birni da Isa suka sha a hannun 'yan bindiga. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Abin da ya fi ciwo shi ne zargin da ya shiga tsakanin maƙwabta, Bahaushe da Bafulatani da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, har mutum yana tsoron ko wanda ya ci tuwo da shi ne ya nuna hanyar gidansa. To, za mu yafe wa wanda bai tuba ba?

Sai mu rarrabe abu biyu. Gafara aikin zuciya ɗaya ce: wanda aka cuta ya ajiye niyyar ramuwa a gaban Allah, kamar yadda Ubangijinmu ya yi wa masu gicciye shi addu'a tun ba su roƙa ba. Sulhu kuwa aikin mutum biyu ne, ba ya tsayawa sai mai laifi ya komo da ƙafarsa, ya faɗi gaskiya, ya mayar da abin da ya ƙwace, kamar Zakka a Luka sura 19. Mohan ya yafe tun da wuri, amma abotar ba ta dawo ba sai da Ramu ya taka zuwa asibiti.

Haka Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna mana. An harbe shi a 1981, ya ziyarci maharbin a kurkuku a 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman hukuncinsa a Italiya har 2000. Ashe gafara ba ta soke shari'a, shari'a ma ba ta hana gafara.

Saboda haka kada mu ce wa gwauruwa ta manta, kada kuma mu koya wa marayu ƙiyayyar wata ƙabila. Mu nemi adalci a gaban hukuma, mu yi wa maƙwabtanmu Musulmi ta'aziyya, gama makoki ɗaya muke yi. Idan kuwa mu ne Ramu a wani gida, kada mu jira Lahadi mai zuwa. Allah ya ba ƙasarmu salama. Amin.