Sai An Fita Waje

A ƙarshen damina, kafin hazon hunturu ya rufe sama, mai sha'awar kallon taurari a Abuja yakan ɗauki ƙaramin madubin hangen nesa ya bar tsakiyar birni. Fitilun Wuse da Garki sun yi yawa. Sai ya nausa wajen Kuje ko Bwari, inda duhu ya fi, sa'an nan ya ga abin da yake nema a sashen arewa, wato damin taurarin da ake kira Andromeda.

Ganin farko ba ya ƙayatarwa. Wani ɗan fari-fari ne kawai, wanda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya kwatanta da ƙaramin gajimare a shekarar 964. Alhali kuwa taurari ne biliyoyi, waɗanda haskensu ke tafiyar shekara wajen miliyan 2.5 kafin ya iso ido. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan jira. Mai ɗaukar hoto kuwa yakan bar kyamara ta yi ta tara haske kaɗan-kaɗan, har siffar damin ta fito a nannaɗe kamar gammo.

A Farawa sura 15, Abram ya tsufa ba ɗa, yana kukan cewa baransa ne zai gāje shi. Ubangiji ya fitar da shi waje tukuna, sa'an nan ya nuna masa taurari. Abram ya ba da gaskiya, ko da yake shekaru sun shuɗe kafin a haifi Ishaku.

Iyalai da yawa suna barin Nyanya ko Kubwa tun asuba, su dawo a gajiye, talabijin na kunne, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Sujadar iyali ta koma minti 5 a gaggauce, ana kuma gunaguni cewa Allah ya yi shiru. Alkawarinsa yana nan daram, fitilu ne suka yi yawa.

Bari maigida da uwargida su keɓe lokaci kowane dare, su kashe abin da ke ɗauke hankali, su zauna da 'ya'yansu gaban Maganar Allah. Abin da aka tara yau da gobe, wata rana zai bayyana sarai a rayuwar yaran. Ubangiji ya ba masu bi haƙurin jira. Amin.