Shin Kyakkyawar Niyya Kaɗai Ta Isa?

Aikina wayarin mota ne, kuma akwai wata ƙaramar na'ura da ta daɗe tana sa ni tunani a kan wannan tambaya. Tana zaune a bayan sitiyari, mu muna ce mata sensa. Aikinta ta gaya wa kwamfutar mota iya yadda direba ya murɗa sitiyari da kuma saurin murɗawar. Kwamfutar sai ta gwada wannan da inda motar ta nufa a zahiri. In suka saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya don kada motar ta sulale. Bosch da Mercedes ne suka fito da tsarin a 1995, Toyota kuwa VSC take kiran nata.

Idan an canza sensar, ko an taɓa tayarod wajen alaimen, sai a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a miƙe tayoyin gaba sak, a jona na'urar gwaji, a nuna wa sensar cewa nan ne sifili. In aka tsallake wannan, direba yana tafiya miƙe, ita kuwa tana cewa kwana yake sha. Fitila ta kama a dashbod, wani lokaci ma motar ta taka birki da kanta.

Abin lura, sensar ba ƙarya take yi ba. Abin da ta auna take faɗa, sai dai mafarin awon ne ya karkace.

Haka nake ganin mai cewa, "Ai zuciyata ta kwanta da abin." Zuciya tana auna abu ne daga inda aka saita ta tun farko. Wanda ya tashi a kasuwar da ake tauye mudu, zai tauye ya yi barcinsa lafiya lau. Kwanciyar ransa ta gaske ce, amma hatsin mai saye bai cika ba. Shi ya sa littafin Ahalari, da muka karanta a zauren malam, ya gabatar da sanin hukunci a kan aikatawa.

Ban raina niyya ba, don ba a karɓar aiki sai da ita. Amma niyya ba ta iya gano karkatar kanta. Sai an kawo ma'auni daga waje: ilimi, malami, ko aminin da ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka kafa hujja da natsuwar zuciyarka, je ka tambayi masani hukuncin abin.