Wa ke da hoton yaro mai yunwa?

Inna ta sha ba ni labarin har na hardace shi. A damanar 2005 ina da wata goma sha huɗu, tamowa ta kama ni. Fari da fara sun ɓata gonaki a 2004, hatsi kuwa akwai shi a kasuwa, amma tiya ta fi ƙarfin talaka. Ta goya ni tun asuba daga ƙauyenmu, rabin hanya a ƙasa, rabi bisa amalanke, har wurin da ake kula da yara a Maraɗi. Aka rataye ni a sikeli, aka auna dantsena, aka ba mu tabarma. A kwana na uku wani Bature ya durƙusa gabanmu da na'urar ɗaukar hoto. Bai tambaye ta ba, ita ma ba ta ce uffan ba. "Yaro na hannun Allah, ni ina ta hoto?" Haka take cewa.

Yau ina jami'a, kuma hoton nan bai bar raina ba. Wani dare na buɗe shafin intanet na wata ƙungiyar taimakon yara a salulata. Abin da ya fara tarbe ni fuskar wani yaro ce, idanu manya, ƙashin wuya a waje. Kusa da fuskar akwai wurin latsawa mai launi, an rubuta "ba da gudummawa". Na daɗe ina kallon yaron. Ba ni ba ne, amma da ni ne ma, ta yaya zan gane? Shi ya sa nake tambayar ku, ƴan'uwana ɗalibai: ya halatta a nemi kuɗi da fuskar yaron da bai san ana yi ba, ko da kuɗin shi za su ceta?

Mu fara da yadda abin yake aiki. Shafin ba a banza aka tsara shi ba. Akan jera maka kuɗi uku ko huɗu ka zaɓa, a gaya maka abin da kowane zai saya, ko allurar rigakafi, ko gidan sauro, ko abincin mai tamowa. An fi son ka yarda a riƙa cire kuɗin kowane wata daga bankinka, don ƙungiya ta san abin da za ta dogara da shi. In ka bar adireshinka, saƙonni za su riƙa zuwa da labarin wani yaro. Manyan ƙungiyoyi har gwaji suke yi: a nuna wa wasu baƙin shafi hoto ɗaya, wasu kuma wani daban, a riƙe wanda ya fi kawo kuɗi. A Faransa kuma wanda ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi ana rage masa aƙalla kashi 66 cikin ɗari na kyautar daga harajinsa. Yuro ashirin, wajen jika goma sha uku kenan a kuɗinmu, mutum zai tura yana kwance a gadonsa.

Me ya sa sai fuska? Saboda gani ya kori ji. A 2007 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Paul Slovic, sun buga sakamakon wani gwaji. Mutanen da aka nuna wa hoto da labarin wata yarinya ƴar shekara bakwai daga Mali sun ba da kuɗi fiye da waɗanda aka karanta wa alƙaluman miliyoyin masu yunwa. Abin mamaki, da aka haɗa hoton da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Mu ma shaida ne. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a taimaki Nijar tun watan Mayu, duniya ta yi kunnen ƙashi. Sai da BBC ta nuna yaran Maraɗi a watan Yuli kuɗi suka fara kwararowa. Dabarar ma ta girmi intanet nesa ba kusa ba: a 1919 an kama Eglantyne Jebb, wadda ta kafa Save the Children, a birnin Landan saboda tana raba takardu masu hoton yaran Ostiriya da yunwa ta rame.

To kun ga inda na tsaya. Ba ni da bakin zagin hoton, domin mai yiwuwa madarar da na sha hoton wani yaro ne ya sayo ta, nawa kuma ya sayo ta wani. Wanda ya ce a hana hotunan gaba ɗaya, ya je ya faɗa wa uwar da ke zaune a tabarma yau.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. A tarbiyyarmu, taimako na ƙwarai shi ne wanda ya zo da rufin asiri. Maƙwabciya takan aiko da ƙwaryar hatsi bayan magariba don kada a gani. Shafin intanet kuwa dole sai ya tona kafin ya rufa. Kuma hoton ba ya warkewa. Yaron zai murmure, ya shiga lakkwal, ya yi gemu, amma a can yana nan da wata goma sha huɗu, yana roƙo a madadin mutanen da bai sani ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce yaro ma yana da haƙƙin a kiyaye sirrinsa da mutuncinsa. Yanzu ƙungiyoyi da yawa suna neman izinin iyaye, suna sauya sunan yaro, wannan ci gaba ne. Sai dai uwar da ɗanta ke tsakanin rai da mutuwa, in mai magani ya ce "mu ɗauka?", wace ce za ta ce a'a?

Abu na biyu ya fi zafi. Hoto yanka ne: abin da ya shiga ya shiga, saura a yar. A irin waɗannan hotuna, uwa takan zama hannu kawai ko gefen zane. Tafiyar asuba ba ta fita a hoto. Akuyar da aka sayar ba ta fita, haka ma ma'aikatan jinya ƴan ƙasa da suka kwana a kanmu. Mai kallo sai ya ɗauka mutum biyu ne a labarin, yaro da shi mai latsawa. Da haka duniya ta san mu a matsayin mutanen da ke zaune suna jira. Wallahi Inna ba jira ta yi ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu matasa fa? Azumi na zuwa ƙungiyoyinmu na unguwa za su jera marayu, kowa riƙe da ledar shinkafa, a ɗauke su a watsa a Facebook da WhatsApp tare da lambar tura kuɗi. Ni da kaina na taɓa riƙe salular. Yaron da muka ɗauka ranar ajinsu ɗaya da ƙanena, kuma sai daga baya na ji abin da ƴan ajin suka riƙa kiran shi. Baturen 2005 ko ba komai bai san kunyarmu ba. Ni na san ta, kuma na ɗauka.

Ga matsayata. Neman taimako da hoton yaro ba haramun ba ne a ganina, amma hoton amana ne a hannun mai ɗauka, mai shi yaron ne. A gaya wa uwa gaskiyar inda hoton zai je, a tabbatar mata ko ta ƙi za a yi wa ɗanta magani. A sa wa hoton wa'adi, in ya cika a sauke shi. A nuna uwa da fuskarta da aikinta. Kafin a sa kowane hoto kuma, mai sawa ya tambayi kansa: in yaron nan ya kai shekara ashirin ya buɗe shafin gaban abokansa, zai iya cewa "ni ne" ba tare da ya sunkuyar da kai ba? In amsar a'a ce, a nemi wani hoton, ko da kuɗin za su ragu kaɗan.

Da na je hutu na nuna wa Inna yaron da ke shafin. Ta karɓi salular ta kawo kusa da idonta, ta yi shiru. Can ta ce: "Allah ya raya shi. Uwarsa fa, ina take?"