Shirin Mai-bi Kafin Aikin Zuciya

Ya kai mai-karatu, watakila likita ya saurari ƙirjinka, ya ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarka ta lalace, sai an yi aiki. Ga kuwa ciwon sukari ko hawan jini da ka daɗe kana fama da shi. Ka zauna mu yi shawara.

Allah ya yi zuciyar mutum da ƙofofi huɗu, suna buɗewa suna rufewa dare da rana, domin jini ya bi hanya ɗaya, kada ya koma baya. A ƙasashenmu sau da yawa ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ba a yi wa magani ba, shi ke ɓata su a hankali. Bayan shekaru sai mutum ya ga yana haki, ƙafafunsa suna kumbura. Kakanninmu ba su da dabarar wannan. Sai a 1953 likita John Gibbon na Amurka ya yi nasara da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, a 1960 kuma Albert Starr ya sa wa mutum ƙofa ƙirar hannu, ya rayu. A Nijeriya an fara buɗe zuciya a Enugu a 1974.

Waɗansu za su ce maka, mai-bangaskiya ba ya kwanta a ƙarƙashin wuƙa. Kada ka ji su. Sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya yi addu'a da hawaye, Ubangiji ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Addu'a da magani suka taru a ɗaki ɗaya.

Amma ga inda jaraba ta ke. Ka sayar da gona, dangi sun yi karo-karo, an sa rana. Sai zuciyarka ta ce, idan na faɗi dukan abin da ke damuna za su ɗaga ranar, bari in yi shiru. Wannan ƙarya ce, ko da ba ka buɗe baki ba, kuma ƙarya ce mai-kisa. Idan sukari ya yi yawa cikin jini, rauni ba ya warkewa da sauri, yana ruɓewa. Ƙoda mai-rauni tana shan wahala sa'ad da inji ya ke juya jini, likita kuwa yana bukata ya sani tun da wuri. Ko ruɓaɓɓen haƙori, wanda ka rena, yana iya sakin ƙwayoyin cuta cikin jini su sauka a kan sabuwar ƙofa. Saboda haka a kan duba baki kafin aiki. Ka kwaso kowane magani da ka ke sha, har da jiƙon da gwaggonka ta aiko, ka ajiye gaban likita. Kunya ba za ta hana ka ba, gama waɗansu magunguna suna hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini. Idan kana shan taba, ka faɗi, ka bari. Idan sun ɗaga rana domin su gyara sukarinka, ka karɓa da haƙuri.

Za su yi maka zancen ƙofa iri biyu. Ta ƙarfe tana daɗewa ƙwarai, amma sai ka sha warfarin dukan kwanakin ranka, ana auna jininka a kai a kai. Ta naman saniya ko alade ba ta cika bukatar wannan ba, amma tana tsufa, watakila a sake aiki bayan shekara 10 ko 20. Idan ka taso kana ƙyamar alade, ka faɗi damuwarka a fili, ka kuwa sani ba zunubi ba ne a gare ka. Ke kuma 'yar'uwa mai-fatan haihuwa, ki tambaya sosai, gama warfarin yana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Ba za mu ruɗe ka ba: aikin nan yana da hatsari, waɗansu ba su tashi ba. An ce wa Hezekiya ya kimtsa al'amuran gidansa, kai ma ka yi haka. Ka gaya wa matarka wanda ke binka bashi da wanda ka ke bi. Idan kuna gaba da ɗan'uwanka, ka tafi wurinsa da kanka. Ka kira dattawan ikilisiya su yi addu'a tare da kai, ka danƙa ranka ga Yesu Almasihu, wanda ya san tsoron mutuwa a Jatsaimani, ya kuwa tashi daga matattu. Ka roƙi 'yan'uwa masu-lafiya su ba da jini.

Daren aiki, idan an ce kada ka ci kada ka sha, ka kiyaye, ko koko kada ka kurɓa. Bayan aiki ƙashin ƙirji yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗu; ba fartanya, ba ɗaukar tulu. Tun yanzu ka shirya da ikilisiya wanda zai yi maka gayya a gona, da wanda zai raka ka asibiti ranar auna jini.